Hukuncin Fitsarin Kyanwa A Cikin Ɗaki Da Hakkinta A Kan Mai Gida

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya ruwa abin tsarkakewa, ya kuma ɗora wa ɗan Adam amanar dabbobin da ke ƙarƙashin hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana masu karatu, darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata tambaya da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini har gida bayan sallar La'asar. Wannan bawan Allah ma'aikaci ne, yana zaune da iyalinsa a hawa na 2 na wani gidan bene, inda babu tsakar gida, babu ƙasa, sai tayil da kafet. Yana da wata tsohuwar kyanwa wadda mahaifiyarsa ta rasu ta bari, shekarunta sun kai 12. Tun da suka tare a wannan gida ya ajiye mata ɗan faranti da yashi a lungun ɗakin da yake salla, tana shiga tana biyan bukatarta tana binnewa, ba a taɓa jin kansu ba. Sai ga shi a 'yan watannin nan ta sake hali. Takan shiga farantin kamar yadda ta saba, ƙafafunta huɗu duk suna ciki, amma fitsarin sai ya tsallake bakin farantin ya gangaro ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin kafet. Ba su farga ba sai da zarni ya cika ɗakin, uwargidansa ta ɗaga sallayarsa ta tarar gefenta ya jiƙe ya bushe ba sau ɗaya ba.

Ya ce mini, "Allah ya gafarta Malam, abu biyu ne suka hana ni barci. Na farko, mene ne hukuncin sallolin da na yi a kan wannan sallaya har kusan mako 2? Na biyu, iyalina ta ce lalle a sa kyanwar a buhu a kai ta bayan gari a yar. Ya halatta in yi haka?"

Na san akwai waɗanda za su ce me ya kawo zancen fitsarin mage cikin filin addini. To, amsarsu ita ce, littattafan fiƙihun da muka gada, tun daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Risala da Muhtasar, dukkansu suna gabatar da hukuncin tsarki kafin su shiga hukuncin salla. Malaman da suka wallafa su ba su ji kunyar yin magana a kan kashin ɓera da fitsarin jaki ba, domin sun san salla ba ta tsayuwa sai a kan tsarki. Ga kuma rai na wata halitta da ake shawarar jefarwa. Saboda haka tambayar ta cancanci a zauna mata.

Mu fara da jikin kyanwar kanta, domin a nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Kyanwa mai tsarki ce. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin Kabsha 'yar Ka'abu ɗan Malik, wadda take auren ɗan Abu Ƙatada. Ta zuba wa surukinta ruwan alwala, sai kyanwa ta zo za ta sha, shi kuwa ya karkata mata ƙwaryar har ta ƙoshi. Da ya ga Kabsha tana kallonsa da mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore najasa daga kyanwa, ya kuma bayyana dalili, watau tana cikin masu kai da kawowa a tsakanin mutanen gida. A kan wannan ne malamanmu suka ce ruwan da ta sha ta rage ana alwala da shi ba tare da karhanci ba, sai fa idan an ga najasa a bakinta lokacin da take sha, kamar a ce yanzu ta gama cin ɓera, to sai a yi aiki da abin da aka gani. Ƙa'idar mazhabarmu kuwa ita ce duk mai rai mai tsarki ne, haka guminsa da yawunsa da hawayensa da majinarsa. Don haka in ta kwanta a kan rigarka, ko ta lashi hannunka, ko gashinta ya maƙale a sallayarka, babu abin da ya sami sallarka.

Amma fa tsarkin jiki daban, abin da ke fitowa daga mafita biyu daban. Shi kansa ɗan Adam, da darajarsa, jikinsa mai tsarki ne, bawalinsa kuwa najasa ne. Malaman Malikiyya sun ɗaura hukuncin fitsarin dabba da kashinta a kan hukuncin namanta. Wadda aka halatta cin namanta, kamar tunkiya da akuya da saniya da raƙumi, fitsarinta da kashinta masu tsarki ne muddin ba najasa take ci ba. Wadda aka haramta namanta, kamar jaki da alfadari, da wadda aka karhanta, to nasu najasa ne. Kyanwa tana cikin waɗanda aka karhanta cin namansu, saboda haka fitsarinta najasa ne, kashinta ma haka. Shehu Halilu ya tabbatar da wannan a cikin Muhtasar. Shafi'iyya da Hambaliyya, waɗanda suke ganin naman kyanwa haram ne, su ma a nan suka tsaya. A cikin Hanafiyya an sami waɗanda suka yi rangwame ga wanda ya taɓa tufafi saboda wuyar kauce masa, amma ko su ba su yi rangwamen ga ƙoren abinci da na ruwa ba.

Kada kuma wani ya ce ai ɗan ɗigo ne. Rangwamen nan na gwargwadon dirhami da ɗalibai suka sani, a kan jini yake da mugunya. Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386, ya nuna cewa in ban da jini, kaɗan ɗin najasa da mai yawanta hukuncinsu ɗaya ne.

To, yaya sallolin ɗalibin nan nawa? A nan ne na ga fuskarsa ta saki. Na tambaye shi, "Wane wuri ne na sallayar ya jiƙe?" Ya ce gefen dama ne, can wajen geza. Na ce, "Goshinka ko tafinka ko gwiwarka ko ƙafarka suna sauka a wurin?" Ya ce a'a. Na ce to babu kome a kanka. Abin da shari'a ta nema shi ne tsarkin wurin da gaɓoɓin mai salla suke taɓawa, kuma Risala ta faɗi ƙarara cewa wanda ya yi salla a wuri mai tsarki na tabarma alhali akwai najasa a wani gefenta, sallarsa ta yi. Ko da ma a ce a daidai wurin sujadarsa fitsarin yake, kawar da najasa daga jiki da tufa da wurin salla yana wajaba ne da sharaɗi biyu, tunawa da iko. A mazhabar akwai ma wani zance mashahuri da ya ce sunna ne. Wanda ya yi salla bai san akwai najasa ba, ko ya sani ya manta, sai bayan sallama ya gane, abin da ake so gare shi shi ne ya sake sallar in lokacinta bai fita ba: Azahar da La'asar har zuwa fatsi-fatsin rana, Magariba da Lisha har zuwa fitowar alfijir, Asuba har zuwa hudowar rana. Wadda lokacinta ya wuce ta wuce, ba a rama ta. Wanda ya tuna yana cikin salla sai ya yanke, sai dai in yana tsoron fitar lokaci. Wanda ake ce wa ya rama ko bayan shekara nawa ne, shi ne wanda ya san da najasar, yana da ruwa da iko, ya yi ganganci ya yi salla a kanta.

Na daɗe a kan wannan gaɓa da gangan, domin a shekarun da na yi ina karantarwa na ga waɗanda waswasi ya wahalar fiye da waɗanda sakaci ya ɓata. Akwai wanda in kyanwa ta ratsa ɗakinsa sai ya wanke ɗakin kaf, wai ai ƙafarta ta taka yashin fitsari. Wannan ba fiƙihu ba ne. Asalin abubuwa tsarki ne, kuma busasshe in ya taɓa busasshe ba ya ɗaukar masa kome. Sai ka ga sawunta a jiƙe da fitsari sannan hukunci ya hau kanka. Abdurrahman Ahalari, wanda yaranmu suke haddace littafinsa tun suna makarantar allo, ya rarrabe abin ta yadda ba ya bukatar ƙari. In ka san wurin da najasa ta taɓa, wanke wurin kaɗai. In ka tabbata ta taɓa tufa amma wurin ya ɓace maka, wanke tufar duka. In kana shakkar ko ta taɓa ko ba ta taɓa ba, yayyafa ruwa ka wuce. In kuwa wani danshi ya taɓa ka, kana shakkar ko fitsari ne ko ruwan buta ne ya zube, ko yayyafin ma babu a kanka.

Sai yadda za a wanke. A mazhabarmu ba abin da ke ɗauke hukuncin najasa sai ruwa tsantsa, wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya da wani abu ba. Ruwan sabulu da ruwan omo da turare suna gusar da ƙazanta da wari, amma ba su ne masu tsarkakewa ba. Saboda haka a wanke da sabulu yadda ake so, sannan a ƙare da zallan ruwa har ruwan da ke fita ya fito garau. In daɓe ne ko siminti ko tayil, a fara tsane fitsarin da tsumma, sannan a kwarara ruwa mai yawa. Asalin wannan shi ne abin da Buhari da Muslim suka kawo daga Anas ɗan Malik, na balaraben ƙauyen nan da ya tsuguna ya yi bawali a cikin masallacin Madina. Sahabbai suka zabura za su far masa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su katse shi, da ya gama sai ya sa aka kawo guga na ruwa aka zuba a wurin. Ku riƙe wannan labari, za mu komo kansa. In kuwa kafet ne wanda aka manne da ƙasa, ko katifa, waɗanda ba su ɗaguwa a kai bakin rijiya, sai a zuba ruwa a wurin a tsane da tsumma, a sake zubawa a sake tsanewa, har sai ruwan da ake tsanewa ya daina ɗauko launi da zarni. Bushewa kaɗai, ko shanyawa a rana, ba ta tsarkake wuri a wurin malamanmu, ko da yake Hanafiyya suna ganin ƙasa tana tsarkaka da bushewa. Wanda kuma bai sami halin wankewa ba lokacin salla ya yi, sai ya shimfiɗa wani abu mai kauri mai tsarki a kai ya yi sallarsa.

Za a ce, to in an wanke an wanke amma warin ya ƙi fita fa? Duk wanda ya taɓa zama da mage ya san fitsarinta ya fi na sauran dabbobin gida naci. Masana sun bayyana dalili. Kakannin kyanwar gida magen daji ce ta ƙasashe masu ƙarancin ruwa a Afirka ta Arewa da Gabas ta Tsakiya, Allah ya hore wa ƙodarta tattalin ruwa, shi ya sa fitsarinta yake fita da kauri. Na muzuru wanda ba a fiɗiye ba ya fi kowanne ƙarfin wari. Shari'a kuwa ba ta ɗora wa mutum abin da ba ya iyawa. Shehu Halilu ya nuna cewa launi da wari in sun yi wuyar fita bayan an yi iyakar ƙoƙari, an yafe su, wuri ya tsarkaka.

Akwai abubuwa biyu da nake jan kunnen mata a kansu wajen wannan wanki, domin su ne yawanci aikin yake faɗawa a kansu. Kada a zuba bilic kai tsaye a kan fitsarin da ba a tsane ba, musamman a ɗaki rufaffe, domin haɗuwarsu tana tayar da iska mai cutar ido da huhu. Haka kuma magungunan nan na goge ɗaki masu ƙarfin wari, waɗanda in an ɗiga su a ruwa yake komawa fari kamar madara, guba ne ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya narkar da su, ga shi kuwa tana lasar ƙafarta kullum. Mace mai juna biyu kuma a ɗauke mata aikin kwashe yashin gaba ɗaya, saboda akwai wata ƙwayar cuta da kan fito a kashin kyanwa wadda take iya cutar da ɗan da ke ciki. Ƙwayar ba ta zama mai kamawa sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje, wannan ya sa kwashewa kullum ya zama kariya ga kowa. Wanda ya kwashe kuma ya wanke hannunsa da sabulu.

Yanzu sai tambaya ta biyu, wadda a wurina ta fi ta farko nauyi, watau zancen buhu.

Na ce wa ɗalibina, kafin ka yanke mata hukunci ka tambayi kanka, laifin wa? A gidajen iyayenmu ba a san wannan matsala ba. Akwai tsakar gida, akwai bayan ɗaki, akwai tarin toka da rairayi, kyanwa takan zaɓi wurinta ta tona ta binne, ba wanda ya koya mata. Mu ne muka ɗauke ta muka hau bene da ita, muka rufe ƙofa, muka ce duk faɗin ƙasar Allah ga rabonki, faranti guda. Al'adar tsare kyanwa a ɗaki da kwanon bayan gida ta fi ƙarfi ne a Turai da Amurka, inda da can suke zuba toka ko yashi, har a shekara ta 1947 wani mutum mai suna Edward Lowe a jihar Michigan ya fara sayar da busasshen yumɓu a ƙunshe don wannan aiki. Da muka ari al'adar sai muka ɗauko rabinta muka bar rabi. Hausawa kuwa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ku lura da kyau, kyanwar da muke magana a kanta ba ta bar farantinta ta tafi kan gado ba. Ta je inda aka ce ta je. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba taurin kai ba ne, akwai abin da ya hana fitsarin sauka inda ya kamata. Likitocin dabbobi sun bi diddigin abin, kuma mafi yawan lokaci dalilin ba ya wuce mazubin kansa. In ya yi mata kaɗan, sai ta shiga ta juya, gabanta yana tsakiya, bayanta yana kan baki. Abin da suke ba da shawara shi ne tsawon mazubin ya kai tsawon jikinta sau ɗaya da rabi, in an auna daga hanci zuwa gindin wutsiya. Ku auna farantan da kuke ajiyewa, za ku ga da yawa ko tsawon jikin nata ba su kai ba. Wani lokaci kuma ƙazanta ce. Kyanwa dabba ce mai ƙyanƙyami, in yashin ya jiƙe ya kwana biyu ba a kwashe ba, sai ta maƙale a gefe tana neman inda ƙafarta ba za ta taka danshi ba, fitsarin ya faɗa waje. Akwai kuma waɗanda halittarsu ce haka, sukan fara a tsugune, suna yi suna ɗagowa, kafin su gama sun miƙe.

Muzuru yana da nasa hali dabam, wanda ya kamata a rarrabe shi da fitsari na bukata. In ka ga ya tsaya a tsaye, ya juya wa bango baya, ya ɗaga wutsiya tana rawa, ya fesa ɗan kaɗan a jikin bangon, to alama yake sawa don sauran maguna su san nan yankinsa ne. Yakan ƙaru in ya ga baƙon muzuru ta taga, ko an kawo sabuwar kyanwa gidan, ko an sake gida. Mata ma sukan yi, amma bai kai na mazan ba. Fiɗiya tana rage wannan ƙwarai. Game da hukuncinta kuwa, Risala ta halatta fiɗiyar tumaki da awaki saboda gyaran namansu, ta kuma ambaci hani a kan ta dawaki, watau abin yana bin maslaha ne. Malamai da dama na wannan zamani sun halatta ta ga kyanwa in akwai cutar da ake son tunkuɗewa, wasu kuma sun ƙi. Ni dai abin da na natsu da shi shi ne halacci, da sharaɗin likita ne zai yi, da maganin kashe zafi, ba wanzami ko yaran unguwa da reza ba.

Dalilin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ciwo, domin dabba ba ta da bakin faɗa. Kyanwa in ta tsufa gaɓoɓinta sukan yi sanyi kamar na tsofaffinmu, tsuguno ya yi mata wuya, sai ta yi a tsaye. Ciwon ƙoda da ciwon sukari suna sa fitsari ya yi yawa har yashin ya kasa shanyewa. Ciwon mafitsara yana sa ta riƙa zuwa a kai a kai tana yin kaɗan-kaɗan, wani lokaci da jini. Mafi hatsari duka shi ne toshewar hanyar fitsari, wadda ta fi samun muzurai saboda ƙuncin hanyarsu. In ka ga yana ta shiga yana yunƙuri yana kuka, ba abin da ke fita ko sai ɗigo, to kada ka bari ya kwana, ka kai shi asibitin dabbobi a ranar, domin cikin kwana 2 ko 3 yana iya mutuwa. Kada kuma tausayi ya sa ka ɓantari farasitamol ka ba shi. Abin da yake magani gare mu guba ne gare su, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

To, ya kai mai karatu, dabbar da wataƙila ciwo ne yake cinta, ita ce za a bi da tsintsiya, ko a kama wuyanta a goga hancinta a cikin fitsarin wai don ta hankalta? Kyanwa ba ta haɗa dukan da aka yi mata yanzu da abin da ta yi ɗazu. Abin da za ta koya shi ne tsoronka da tsoron wurin, sai ta koma yi a ƙarƙashin gado inda ba ka gani. Likitoci ma sun tabbatar cewa firgici da takura suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon mafitsara ga maguna, watau dukan yana ƙara abin da ake son a hana. Ku tuna da balaraben ƙauyen nan. Shi mutum ne mai hankali, baligi, a cikin masallacin Annabi ya yi, duk da haka aka ce a ƙyale shi ya gama, aka zuba ruwa, sannan aka kira shi aka karantar da shi cikin taushi. Ina ga dabbar da ba a ɗora mata alƙalami ba?

Game da jefarwa kuwa, kowa ya san hadisin da Buhari da Muslim suka kawo daga Abdullahi ɗan Umar, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wasu sukan kafa hujja da ƙarshen hadisin su ce to ai mu sakinta za mu yi. Na ce a kula. Sakin da ake nufi shi ne na wadda take iya farauta ta ci da kanta. Tsohuwar kyanwa mai shekara 12, wadda ba ta san ko'ina ba sai ɗaki, in aka kai ta bayan gari aka zazzage, ba sakinta aka yi ba, an miƙa ta ne ga yunwa da karnuka da duwatsun yara. Masu sharhin Muhtasar, a babin ciyarwa, sun kawo mas'alar kyanwar da ta makance a gidan mutum har ba ta iya tafiya ko'ina, suka ce ciyar da ita ya wajaba a kansa. Dubi nisan da malamanmu suka kai. Wanda ya ga lalle ba zai iya ba, ba a ce dole ya riƙe ta ba, sai ya nemi wanda yake da tsakar gida kuma yake so, ya ba shi ita hannu da hannu.

A nan zan ɗan ratse in ce, ba ma bukatar ƙarya wajen kare hakkin kyanwa. Zancen da ake yaɗawa cewa son kyanwa yana cikin imani, malaman hadisi sun ce ƙirƙirarre ne. Haka labarin wai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashi kyanwarsa daga barci, ba a same shi a littattafan hadisi ingantattu ba. Abin da ya inganta ya wadatar, ga kuma babban sahabi Abu Huraira, wanda 'yar kyanwar da yake ɗauka ce ta jawo masa wannan alkunya har ta danne sunansa na yanka.

Gyaran da na gaya wa ɗalibina ba shi da tsada. Na ce ya yar da farantin nan, ya sayi babban baho na roba irin wanda mata suke wanki a ciki, mai zurfin da ya kai taki ɗaya da rabi, watau kamar santimita 30. Ya yanke masa ƙofa a gefe ɗaya, ya sassauto da ita ƙasa yadda tsohuwa za ta shiga ba tare da tsalle ba, ya goge bakin yankan don kada ya yanke ta. Ya zuba yashi mai laushi, busasshe, tankaɗaɗɗe, zurfin yatsu 3, kada ya cika shi har ya cinye zurfin bahon. Ya shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi, ya juya ƙofar ta fuskanci inda ba kafet. A kwashe wurin da ya jiƙe safe da yamma, a juye yashin duka a wanke bahon duk mako. Mai maguna biyu ya ajiye baho 3, domin ƙa'idar masana ita ce kowace da nata, a ƙara ɗaya. Kada a ajiye shi kusa da abincinta, ko inda yara suke guje-guje. Na kuma ce ya fitar da shi daga ɗakin salla ya kai shi baranda ko lungun banɗaki, amma a hankali, yana matsar da shi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, domin in aka ɗauke shi rana ɗaya za ta koma tsohon wurin ta yi. Sallaya kuwa in an idar a naɗe ta a rataye.

Wani abu kuma da na gani da idona a gidan wani dattijo marar lafiya: an ajiye masa tiren rairayi a gefen gado don taimama, kyanwar gidan kuwa ta ɗauka nata aka ajiye. Taimama ba ta yiwuwa sai da ƙasa mai tsarki. Duk mai kyanwa a gida ya rufe irin wannan tire, ko ya ajiye wa majinyaci dutse a madadinsa, tun da taimama da dutse ta inganta a mazhabarmu.

Bayan mako 3 ɗalibin nan ya komo. Ya ce ya kai ta asibitin dabbobi, likita ya duba ya ce sanyin gaɓoɓi ne a ƙugunta, ya ba ta magani irin nasu. Ya sayi bahon, ya yanke ƙofar kamar yadda muka yi da shi. Har yanzu, in ji shi, a tsaye take yi, amma fitsarin yana bugun jikin bahon ne ya gangara cikin yashi. Uwargidan tasa ce ma yanzu take tuna masa in ya manta bai kwashe na yamma ba. Allah shi ne mafi sani.